Waiwaye: Yadda Bulo Da Kwano Suka Ture Tubali Da Azara

A ƙauyukan ƙasar Kano da Jigawa, gidan da aka gada daga kakanni kusan duk kayansa daga bayan gari suke fitowa. A tono ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali a shanya a rana. Ramin da aka bari shi ne kududdufin da ke gefen kowace tsohuwar unguwa, inda ruwan damina ke taruwa. Talaka yakan yi kago da jinka, ya kewaye da dangar kara. Mai hali shi ke yin soro, da zaure a bakin hanya don baƙi da karatun yara, sai shigifa, sannan cikin gida.

Gwanintar magina a rufi take. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta, amma ba ta jure nauyi idan ɗaki ya yi faɗi. Sai magina suka riƙa ɗaure ta gaɓa-gaɓa a cikin ƙasa har ta lanƙwasa ta zama bakan gizo, a ɗora rufin ɗaurin guga, mai tudu kamar ƙubba, a kai. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano ya ga irin wannan aiki. Ruwa kuwa indararo ke zubar da shi nesa da bango. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso: katsin marina, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, da gashin jima, da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Wato sai da marini da majemi suka yi aikinsu kafin rufin magini ya hana yoyo. Garuruwa masu karofi irin su Kura ba sa rasa katsi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ya ratsa Ringim da Malam Madori. Kantunan gyaɗa na bakin tasha suka zo da kwano. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya kai siminti gidajen ma'aikata. Da aka ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991, sabuwar Dutse ta bazu da bulo a ƙasan duwatsu, tsohon gari na Garu yana sama.

Ana yawan cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko. Ni a ganina abin da ke riƙe da shi ne ya tafi. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, da can kuma gayya ake yi masa. Yanzu samari na birni neman kuɗi da rani, giginya ta yi ƙaranci, karofi da yawa sun mutu, an cike kududdufai an yanka filaye, ruwa ya rasa wurin zuwa sai gindin bango. Shi ya sa ambaliyar 2022 ta kwantar da gidajen ƙasa masu yawa a yankin Haɗejiya da Ringim, kuma duk wanda ya samu hali bulo ya saya. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Sai dai ɗakin kwano marar silin ba ya shiguwa da rana a watan Afrilu, zauren kuma galibi an fasa shi an yi shago.