Biko da Kome

Biko da kome hanyoyi ne biyu da Hausawa ke bi wajen ɗinke ɓarakar aure. Ana yawan haɗa su a baki, amma ba abu ɗaya ba ne: biko al'ada ce, kome kuwa hukuncin shari'a ne.

Biko yana biyo bayan yaji, wato mace ta yi fushi ta tafi gidansu alhali igiyar aure tana nan. Miji ba ya cika zuwa shi kaɗai. Yakan tura wansa ko kawunsa ko wani amininsa mai nauyin baki, su durƙusa a zaure gaban uban matar su ba da haƙuri. Can cikin gida kuma uwa da gwaggo suna lallashinta: "Ki duba yaran nan, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa." In an daidaita, mijin yakan aiko da goro ko turmin atamfa, sai wata dattijuwa ta raka ta ɗakinta bayan magariba, saboda idon maƙwabta. Akwai iyayen da ba sa jiran biko. Ko mayafi ba ta cire ba za su ce ta koma. Wasu na yabon wannan, sai dai sau da yawa ana mayar da ita ne ba a ji abin da ya koro ta ba, shi ya sa yajin ke maimaituwa.

Kome sai bayan saki. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, wanda ya yi saki ɗaya ko biyu yana da damar mayar da matarsa muddin tana cikin idda, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure, amma ana so ya kafa shaidu. Asalin hukuncin yana Suratul Baƙara, aya ta 228 da 229. Iddar tsarki uku ce, ko wata 3 ga wadda ba ta haila, mai ciki kuma sai ta haihu. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce a ɗakinta za ta yi iddar, domin zama wuri ɗaya yakan sanyaya zuciya, ko da yake a aikace da an miƙa takarda sai haɗa kaya.

Idan idda ta ƙare, ya zama bazawari kamar kowa: sai ta yarda, waliyyi ya ɗaura, a biya sadaki. Haka ma bayan hul'i, wato rabuwar da mace ke fansar kanta da dukiya miji ya sake ta. Saki uku ya rufe ƙofa har sai ta yi wani auren na gaskiya ya mutu, kuma malamai sun haramta auren kisan wuta.

Inda dangi suka gaza, akan je wurin liman, mai unguwa, ko Hisbah, wadda a Kano aka kafa hukumarta da doka a 2003.