Craig Bellamy: yadda ɗan wasan gaban Wales ya zama kocin ƙasarsa

Wane ne shi kafin ya fara horarwa?

Haifaffen Cardiff ne, a 1979. Norwich City ce ta raine shi, daga nan ya zaga: Coventry, Newcastle, Celtic a matsayin aro bayan ya saɓa da kocin Newcastle Graeme Souness, Blackburn, Liverpool har sau biyu, West Ham, Manchester City, ya ƙarasa a Cardiff. Shi ne na farko da ya ci wa ƙungiyoyi bakwai ƙwallo a gasar Firimiya. Ya buga wa Wales wasa 78, ya ci 19. Gudu gare shi, da zafin kai. Ciwon gwiwa ya daɗe yana damunsa, ya yi ritaya a 2014.

Tunda sanannen ɗan wasa ne, ba sai a miƙa masa ƙungiya kawai ba?

A Turai suna ba ya isa, sai da takarda. Lasisin UEFA hawa-hawa ne: C, B, A, sannan Pro. Mafi ƙarancin lokacin karatu awa 60 ne a matakin C, 120 a B, 180 a A, 360 a Pro, kuma ba a aji kaɗai ake yi ba. Mai neman lasisi zai tsara atisaye a rubuce, ya gudanar da shi a fili malamai na kallo, ya nazarci bidiyon abokan hamayya, ya yi bayanin dabararsa. Tsakanin mataki da mataki ana so a ga ya yi aikin horarwa na gaske. Wanda ba shi da Pro ba ya zama cikakken koci a Firimiya, kuma lasisin ma bayan shekara uku sai an sabunta.

Abin da ya sa Wales ta yi fice a nan shi ne kwas ɗin hukumar ƙwallonta, FAW, da ake yi a Dragon Park a Newport. Thierry Henry da Patrick Vieira da Mikel Arteta duk ta nan suka bi. Osian Roberts, wanda ya jagoranci shirin, daga baya Maroko ta ɗauke shi daraktan fasaha a 2019.

A ina Bellamy ya koyi aikin?

Wajen yara ya fara, a makarantar horar da matasa ta Cardiff. Nan ne tsofaffin taurari da yawa suke tuntuɓe: abin da ƙafarsu ta saba yi ba tare da tunani ba, yanzu sai sun rarraba shi daki-daki ga yaro ɗan shekara sha shida, cikin haƙuri. A farkon 2019 Bellamy ya sauka bayan an yi zargin ya muzguna wa wani matashi, zargin da ya musanta.

A wannan shekarar Vincent Kompany, abokin wasansa a Manchester City, ya kira shi Anderlecht ta Beljiyam. Ya riƙe 'yan ƙasa da shekara 21, daga baya ya zama mataimaki. A Satumban 2021 ya ajiye aikin saboda ciwon damuwa, bai kuma ɓoye dalilin ba. Da Kompany ya karɓi Burnley a 2022 sai ya sake janyo shi.

Me ya faru a Burnley?

Kaka biyu, darasi biyu. A ta farko sun lashe gasar Championship, wadda ke ƙasa da Firimiya, da maki 101, suna riƙe ƙwallo, suna fara gina hari tun daga mai tsaron gida. A Firimiya suka ci gaba da wannan salon da matasan 'yan wasa, sai ya juye musu. Idan ɗan baya ya yi kuskuren ba da ƙwallo a bakin raga, a ƙaramar gasa sau da yawa a tsira, amma a Firimiya sai a raga. Maki 24 suka haɗa, suka faɗo a 2024. Kompany ya tafi Bayern Munich.

Yaya ya samu aikin Wales?

An sallami kocin Wales Rob Page bayan Wales ta kasa zuwa Euro 2024, aka naɗa Bellamy a Yulin 2024 da kwantiragin shekara huɗu. Shekara goma kenan da ritayarsa, kuma wannan ne karon farko da ya zama cikakken koci a babbar ƙungiya. A ganinmu jinkirin ne ya taimake shi. Wasansa na farko canjaras ne da Turkiyya, babu ci, kuma ya kammala wasanni shida na Nations League ba a doke shi ba, har Wales ta hau rukunin A, matakin ƙoli na gasar, bayan ta ci Iceland 4-1. Beljiyam ce ta fara doke shi, 4-3, a Yunin 2025.

Da me horar da ƙasa ya bambanta da na kulob?

Lokaci da zaɓi. Kocin kulob kullum yana tare da 'yan wasansa, in ya rasa ɗan baya ya saya. Kocin ƙasa kwanaki kaɗan yake samunsu a kowane hutun wasannin ƙasa da ƙasa, wasu sun zo a gajiye, wasu kuma benci suke ɗumamawa a kulob. Wales kuwa mutanenta ba su fi miliyan uku da 'yan kai ba, kuma Gareth Bale ya yi ritaya tun Janairun 2023. Don haka salon matsa wa abokin hamayya tun daga gidansa, wanda Bellamy yake so, dole a koyar da shi cikin atisaye biyu ko uku, sauran kuma ta bidiyo da ziyartar 'yan wasa a ƙungiyoyinsu.