Mece Ce “Fasahar Tallafi” a Maganar Masu Naƙasa?

Duk wanda yake sauraron shirye-shiryen lafiya a rediyo, ko yake halartar tarukan ƙungiyoyin masu naƙasa a Garwa, Marwa ko Injamena, ya sha jin ana ambaton “fasahar tallafi”, abin da takardun hukuma na Faransanci suka fi kira aides techniques. Da yawa idan suka ji kalmar fasaha sai hankalinsu ya tafi ga kwamfuta da na'urori masu tsada, alhali abin da ake nufi yana cikin gidajenmu tun tuni. Ana nufin duk wani abu da aka ƙera domin ya cike wa mutum gurbin abin da jikinsa ya gaza, a wajen tafiya, gani, ji, magana ko tuna al'amura. Keken guragu yana ciki, haka nan farar sandar makaho, tabarau, ƙafar roba, na'urar da ake maƙalawa a kunne domin ƙara ji, allon rubutun makafi, da manhajar da take karanta wa makaho abin da ke fuskar wayarsa. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin irin waɗannan kaya guda 50 da ta ga ya kamata kowace ƙasa ta fara wadata mutanenta da su.

Sai dai kayan rabin ma'anar ne kawai. Ɗaya rabin, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne aikin da yake tafiya tare da su: a duba mutum, a auna jikinsa, a zaɓa masa abin da ya dace da lalurarsa da kuma irin ƙasar da yake takawa kullum, a daidaita masa, a koya masa amfani da shi, sannan a ci gaba da bibiya da gyara. Idan babu wannan aikin, abin da aka miƙa wa mutum ƙarfe ne da roba kawai.

Na taɓa ganin haka da idona a unguwarmu. An raba kekuna a wani biki, aka ba wata yarinya 'yar kimanin shekara tara irin keken da ake tura majinyata da shi a asibiti, wanda aka yi domin babban mutum. Ƙafafunta ba su kai matakin ba, jikinta yana karkata gefe ɗaya, ƙananan tayoyin gaba kuma suna nutsewa cikin rairayi tun daga ƙofar gida. Kafin damina ta wuce taya ɗaya ta ɓalle, aka rasa irinta a kasuwa, keken ya koma zaure ana shanya tufafi a kansa, yarinyar kuma ta koma rarrafe. Waɗanda suka bayar da shi da kyakkyawar niyya suka bayar, Allah ya saka musu, amma babu wanda ya auna ta. Illar ba ta tsaya ga asarar keke ba, domin wanda ba ya jin taɓawa daga ƙugu zuwa ƙasa, idan ya daɗe zaune a kujerar da ba ta da matashin da ya dace, gyambo yakan fito masa a mazaunai, kuma irin wannan gyambon yana iya kai mutum ga rasa rai. Sauƙin samun kayan gyara ne dalilin da ya sa keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda suke haɗawa da kayan keken hawa, ya fi daɗewa a hannun mutanenmu: kowane mai faci a bakin hanya ya san sarƙarsa da tayarsa.

Ta ina kayan suke zuwa? A rubuce, hukuma ta ɗauki alkawari. Kamaru tana da dokar ranar 13 ga Afrilu, 2010 kan kare masu naƙasa da kyautata rayuwarsu, Chadi tana da tata tun 2007, ƙasashen duniya kuma sun amince a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 cewa za su sauƙaƙa samun waɗannan kaya. A aikace kuwa, mafi yawan mutane daga aljihunsu suke saya, ko su jira wani mai hali ko wata ƙungiyar agaji. Wuraren da ake da ƙwararrun masu ƙera ƙafar roba da takalmin ƙarfe ba su da yawa. Daga cikin sanannu akwai cibiyar ƙasa mai sunan Kadinal Paul Emile Léger a Yawunde, da cibiyar Kabalaye a Injamena, da wata ta 'yan mishan a Mundu. Ƙafar roba kuwa ba a sayenta kamar takalmi. Sai an ɗauki siffar dungun da filasta, an narka roba a kanta, an gwada, an sake gyarawa, sannan mutum ya yi kwanaki yana koyon tafiya. Manomin da ya fito daga ƙauye zai biya kuɗin mota, da masauki, da abincin wanda ya rako shi, ga gonar da ya bari. Ƙafar roba ta babban mutum takan buƙaci sauyi bayan 'yan shekaru, ta yaro kuwa tana matse shi tun kafin shekara ta zagayo, saboda yana girma.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna cewa mutum fiye da biliyan 2.5 suna buƙatar aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan kaya, kusan biliyan ɗaya ba su samu ba, kuma masu buƙatar za su haura biliyan 3.5 nan da 2050. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin ɗari kaɗai na masu buƙata suke samu. A yankinmu ma buƙatar ba raguwa za ta yi ba, ko da yake an ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a 2020. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan suna manyanta, nakiyoyin da aka binne a arewacin Chadi tun yaƙe-yaƙen baya da waɗanda rikicin Boko Haram ya kawo suna ci gaba da raba mutane da gaɓoɓinsu, haɗarin babur ya zama ruwan dare, ciwon suga kuma yana sa a yanke ƙafafun dattawa.

A ganina babban ƙalubalen da ke gaba shi ne na ma'aikata da kayan gyara, fiye da na sababbin ƙere-ƙere. Na'urar ƙara ji tana aiki da ɗan ƙaramin batir da yake ƙarewa cikin kwanaki, zufa da ƙurar hunturu suna toshe ta, kuma mai gyaranta sai a babban birni. Haka abin yake ga wayar hannu. Kusan kowace wayar Android tana ɗauke da TalkBack, manhajar da take karanta rubutu da murya, amma makahon da bai yi boko ba zai tarar tana yi masa magana da Faransanci, ga shi kuma da wuya a sami wanda zai zauna ya koya masa yadda ake shafa fuskar wayar, da Hausa, da Fillanci ko da Larabcin Chadi.