Ma'anar kalmar “peer”, da misalin gidan Howard na Ingila

Duk wanda ya yi makarantar boko a Najeriya ya san sunan Lord Lugard. Sai dai a shekarun da ya yi yana mulki a nan, ba Lord ba ne. Sir Frederick ake ce masa, sai a 1928 aka ba shi sarautar Baron. Bai bar ɗa ba, don haka ranar da ya mutu a 1945 sarautar ta bi shi kabari. Wannan sarauta ita ce ta sa ya shiga sahun waɗanda Turawan Ingila ke kira peer.

Kalmar daga Latin ta samo asali, ma'anarta tsara ko sa'a, wato manyan ƙasa da ake ɗauka tsaran juna ne a gaban sarki. Matakansu biyar: Duke a sama, sai Marquess, Earl, Viscount, Baron a ƙasa. Huɗun ƙasan ne ake kira Lord a baki, Duke kuwa da sarautarsa ake ambatarsa. Wani abu da kan rikita mu shi ne gadonta. A masarautunmu masu zaɓen sarki ne ke duba 'ya'yan gida su fitar da ɗaya. A can babu zaɓe, a galibin sarautun babban ɗa namiji ne ke gada, ko ya iya ko bai iya ba. Kuma mutum ɗaya tak ne peer a kan kowace sarauta. Ƙannensa, ko da ana ce musu Lord don girmamawa, a gaban doka talakawa ne.

Gidan Howard, masu sarautar Duke na Norfolk, ya isa misali. Sarki Richard na Uku ne ya naɗa John Howard a 1483. Shekara biyu kacal ya ci, aka kashe shi tare da ubangidansa a yaƙin Bosworth a 1485. Sabon sarki ya ƙwace dukiyar gidan, ya tsare ɗansa Thomas. Thomas ya haƙura, ya yi biyayya, har ya jagoranci rundunar da ta murƙushe Sukotlan a Flodden a 1513. Shekara na zagayowa aka mayar masa da sarautar ubansa.

Duke na uku shi ne wanda labarinsa ya fi ba ni mamaki. Biyu daga cikin matan Sarki Henry na Takwas, Anne Boleyn da Catherine Howard, 'ya'yan 'yan uwansa ne, kuma duka biyun sarki ya sa aka fille musu kai, ɗaya a 1536, ɗaya a 1542. A Janairun 1547 aka sare ɗan Duke ɗin, Henry Howard, shi ma tsohon yana kurkuku yana jiran tasa. Sai ga shi sarkin ne ya riga shi, ya mutu ranar 28 ga watan. Mai rabon ganin baɗi ke nan. Jikan tsohon, Duke na huɗu, bai yi wannan sa'a ba: Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta sa aka sare shi a 1572 kan ƙulle-ƙullen auren Mary ta Sukotlan. Sarautar ta kwanta har 1660, sannan Charles na Biyu ya tashe ta.

Lambar da ake liƙa wa sunan, na uku, na huɗu, lissafin waɗanda suka riƙe sarautar ne. Na yanzu, Edward Fitzalan-Howard, shi ne na 18, ya gada a 2002, gidan zuri'ar kuma shi ne fadar Arundel.

A da, gadon sarauta gadon kujera ne a Majalisar Dattawan Birtaniya. Dokar 1958 ta kawo peer na iya rai, wanda sarautarsa ba ta wucewa ga ɗa. Dokar 1999 kuma ta sallami 'yan gado ta bar 92, sannan a 2024 gwamnatin Leba ta gabatar da ƙudurin sallamar ragowar. Aikin da ya rage wa gidan Howard na biki ne. Tun 1672 suke gadon muƙamin Earl Marshal, wato mai shirya manyan bukukuwan sarauta, shi ya sa Duke na 18 ne ya tsara jana'izar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 2022, da naɗin Sarki Charles na Uku ranar 6 ga Mayun 2023.