Ƙarancin Barci da Haɗarin Ciwon Sukari

Ƙarancin barci yana cikin abubuwan da ke ƙara wa mutum haɗarin kamuwa da ciwon sukari nau'i na biyu, wato wanda jiki ke daina amsa wa sinadarin insulin yadda ya kamata. Aikin insulin shi ne kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka, hanta da kitse. Idan jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini, gaɓar fankiriyas kuma ta yi ta ƙara fitar da insulin har ƙarfinta ya ragu.

A 1999, masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka, ƙarƙashin Eve Van Cauter, sun taƙaita barcin samari 11 masu lafiya zuwa awa 4 a dare har kwana 6. Saurin da jikinsu ke kwashe sukari daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Da suka rama barcin, al'amura suka daidaita.

Wani gwaji na 2008 a jami'ar ya fi jan hankali, domin ba a rage wa kowa lokacin kwanciya ba. An riƙa kunna wa matasa 9 ƙara duk lokacin da barcinsu ya fara nauyi, ƙarar da ba ta kai ta farkar da su ba. Cikin dare 3 kacal, yadda jikinsu ke amsa wa insulin ya ragu da kusan kashi 25. Ke nan ana iya kwana awa 8 a gado amma jiki bai sami abin da yake buƙata ba.

Dalilan suna da yawa. Rashin barci yana ɗaga sinadarin kotizol da yamma, lokacin da ya kamata ya sauka, shi kuwa kotizol yana sa hanta ta saki sukari. Yana kuma rage leptin mai sanar da ƙoshi, ya ƙara girelin mai tayar da yunwa, sai mutum ya riƙa kwaɗayin zaƙi da maiƙo, gajiya kuma ta hana shi motsa jiki. Masu aikin dare suna da ƙarin matsala, domin suna cin abinci a lokacin da agogon jiki ya rage shirin sarrafa sukari.

Manyan nazarce-nazarce sun nuna haɗarin ya fi sauƙi ga masu barcin awa 7 zuwa 8. Yana ƙaruwa ga masu yin ƙasa da 6, haka ma masu wuce 9, kodayake doguwar kwanciya sau da yawa alama ce ta wata cuta da ke ɓoye.

Wani abin da ke ƙara haɗarin, wanda ake yawan sakaci da shi, shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci. Maƙogwaro yana toshewa, iskar oksijin ta ragu a jini, mutum ya zabura ba tare da ya sani ba, wani lokaci sau 30 ko fiye cikin awa guda. Alamunta su ne minshari mai ƙarfi, shaƙewa, ciwon kai da safe da gyangyaɗi da rana. Ana gano ta da gwajin barci, a magance ta da rage ƙiba ko na'urar CPAP mai hura iska ta hanci.

Shi ma ciwon sukarin yana ɓata barci, ta yawan tashi fitsari, zafin tafin ƙafa, ko faɗuwar sukari tsakar dare ga masu allurar insulin.

Abin da ke taimakawa shi ne tsayayyen lokacin kwanciya da tashi, barin kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi, shayi da goro) aƙalla awa 6 kafin kwanciya, guje wa abinci mai nauyi da hasken waya dab da barci. Wanda barcinsa ya daɗe a lalace, kuma yana da ƙiba ko ciwon a danginsa, ya kamata ya auna jininsa. Sukari 126 mg/dL ko sama bayan awa 8 ba ci, ko HbA1c (gwajin matsakaicin sukarin jini na watanni 2 zuwa 3) na kashi 6.5 ko sama, idan gwaji na biyu ya tabbatar, yana nuna ciwon ya kama.