Me ya sa tabarau mai sauya launi ba ya yin duhu sosai da bazara?

Tun da bazara ta kama a Marwa, arewacin Kamaru, da wuya mako ya wuce wani bai zo mana ɗakin duba ido da wannan kuka ba: tabarau ɗin da ya saya da tsada, mai yin baƙi wuluk da hunturu, yanzu iyakarsa toka-toka. Wai mai shago ya cuce shi. Galibi ba cuta ba ce, halin sinadarin ne.

Irin na farko, wanda kamfanin Corning na Amurka ya fitar a shekarun 1960, gilashi ne mai gishirin azurfa a ciki. Na yanzu yawanci roba ne da aka sa wa rini na musamman, irin su naftofiran. A inuwa kowace ƙwayar rinin a dunƙule take, haske yana ratsa ta. Da zarar hasken UV ya same ta, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, sai wani haɗi a jikinta ya tsinke, ta buɗe, ta shiga shanye haske. Duhun ke nan. Abin da ke sake dunƙule ta kuwa zafi ne. To, a watan Afrilu, da zafinmu ke haura digiri 40, rana na buɗewa, zafi na rufewa, duhun ba ya samun zama. A cikin mota ma bai cika yin duhu ba, don gilashin gaba ya riga ya tare yawancin UV ɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ajiye shi su koma ga baƙin gilashin bakin kasuwa. Don Allah, 'yan uwa, baƙi ba shi ne kariya ba. Gilashi mai duhu da ba ya tare UV yana sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, hasken da ke taimaka wa yanar ido ya shiga da yawa. Mai sauya launi na kirki yana tare UV ko da yana fari tas.

Yin duhu ba ya kai minti ɗaya, amma washewa kan ɗauki mintuna. Dattijon da ya shigo zaure daga rana, ya ɗan dakata kafin ya taka dokin ƙofa. Masu walda kuma, wannan ba naku ba ne. Ku sa garkuwar aikinku. Kuma kada a bar shi a gaban mota a rana, zafin yana lalata fuskar robar.