Ƙaramar hukuma da raya ƙananan garuruwa a Najeriya

Ƙaramar hukuma ita ce mataki na uku na gwamnati a Najeriya, bayan ta tarayya da ta jiha, kuma ita ce gwamnatin da talaka ke iya takawa da ƙafa ya isa ofishinta. Akwai guda 774 a ƙasar: 768 a jihohi 36, sai 6 a Babban Birnin Tarayya, Abuja. Kano ce ke kan gaba da 44, Katsina na biye mata da 34, Jigawa na da 27, Bayelsa kuwa 8 kacal. Kowace ƙaramar hukuma tana da shugaba, wanda jama'a suka fi sani da ciyaman, da majalisar kansiloli, kansila ɗaya daga kowace mazaɓa. Galibin hedikwatocinsu ƙananan garuruwa ne irin su Gumel, Malumfashi, Dambatta da Illela, inda ake da kasuwa mai ci mako-mako, da tashar mota, da asibiti, da makarantun firamare. A irin waɗannan garuruwa, abin da ƙaramar hukuma ta sa a gaba shi ke nuna ko za a sha ruwa mai tsafta, ko ruwan damina zai sami hanyar wucewa, ko mai naƙuda za ta tarar da ma'aikaciya a asibiti cikin dare.

Asali

Kafin a zo ga wannan tsari, a Arewa En'e, wato hukumar gargajiya (Native Authority), ce ke riƙe da al'amuran gari. Turawan mulkin mallaka sun gina ta a kan sarautar da suka tarar: sarki a sama, sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. En'e na da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da kotunan alƙalai, da gidan yari, kuma tana karɓar haraji daga magidanta da jangali daga makiyaya. Tsofaffi har yau suna tuna duba-gari, ma'aikacin da ke shiga gida-gida yana leƙa randa da masai da kwata, wanda duk ya samu da ƙazanta ya sha tara. Suna kuma tuna azabar da mai kasa biyan haraji ke sha. Tsarin ya iya aiki, amma talaka ba shi da bakin magana a cikinsa.

A ƙarshen shekarun 1960 aka fara raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Babban sauyi ya zo a 1976, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, lokacin da aka kafa tsari iri ɗaya ga ƙasar baki ɗaya, da ƙananan hukumomi 301, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Gwamnatocin soja sun yi ta ƙara yawan ƙananan hukumomin: sun kai 589 a 1991, sannan 774 a 1996 zamanin Janar Sani Abacha. Tun daga nan adadin bai motsa ba, domin an rubuta sunayensu a kundin tsarin mulki na 1999.

Abin da doka ta ɗora mata

Jadawali na huɗu na kundin ya lissafa ayyukanta. Nata ne kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu da bayan gida na jama'a, gina titunan cikin gari da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, kwashe shara, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da ba da lasin keke, amalanke, baro da kwale-kwale. Sannan tana haɗa hannu da jiha a ilimin firamare da yaƙi da jahilci, da aikin gona, da kiwon lafiya. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ba ta ikon ba da shaidar mallakar fili a karkara, abin da ya sa gonaki da burtali da mashayar dabbobi suka shigo hurumin da take da ta cewa.

Babu abin ƙawa a wannan jeri, amma duk wanda ya zauna a ƙaramin gari ya san cewa rayuwar yau da kullum a kansa take.

Ruwa da tsafta

Idan aka tambayi mazauna ƙaramin gari abin da suka fi buƙata, ruwa kan zo da wuri. Yawancin unguwanni sun dogara ne da rijiyar burtsatse, ko fanfon tuƙa-tuƙa, ko 'yan garuwa masu tura jarkoki a kura. Matsalar ba ta tsaya ga haƙa rijiya ba. Fanfon tuƙa-tuƙa na da roba da sanda da ke cinyewa, mai aiki da hasken rana kuma na da injin da ke ƙonewa da faifan da ɓarayi ke ɗauka. Abin da ya kashe rijiya sau da yawa ɗan ƙarfe ne wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai dai babu wanda aka ɗora wa alhakin sayensa. Shugabanni sun fi son haƙa sabuwa, domin ita ake yanka wa kirtani a rubuta suna a jikin tankinta. Gyaran tsohuwa ba ya tara jama'a. Wannan kuskure ne mai tsada. Inda aka kafa kwamitin unguwa mai tara ɗan kuɗi duk mako, aka kuma horar da makaniki ɗan gari, rijiyar kan daɗe tana ba da ruwa.

Ruwan sha da magudana da shara da bayan gida abu ɗaya ne, ko da yake a ofis kowanne na da sashensa. Leda ta cika lambatu, ruwan sama ya rasa hanya, ya bi ta bola da masai, ya gangara cikin rijiyar gida. Abin da ke biyo baya sananne ne. A annobar amai da gudawa ta 2021, an ba da rahoton mutum fiye da dubu 100 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Akwai kuma cike kududdufai da ake yi don a yanka filaye. Kududdufi shi ne ma'ajiyar ruwan damina ta gari tun kaka da kakanni, kuma idan aka gina gida a kansa, ruwan gidajen maƙwabta yake komawa.

A nan an ga abin da aiki daga ƙasa ke iya yi. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, bayan an bi ƙananan hukumominta 27 ɗaya bayan ɗaya, da taimakon masu unguwanni da dagatai da limamai.

Asibiti, makaranta, kasuwa

Kiwon lafiya a matakin farko ya ƙunshi rigakafi, awon ciki, karɓar haihuwa da maganin zazzaɓin cizon sauro. Manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki, kuma dokar lafiya ta 2014 ta ware asusu na musamman don haka. Gini ba kasafai yake zama matsala ba. Abin da ake rasawa shi ne ungozoma mai kwana a wurin, da ruwa, da wutar da za ta riƙe firjin allurai. Firamare kuwa albashin malamanta daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, kuma yana cin babban rabo.

Kasuwa ce babbar hanyar samun kuɗin shiga na cikin gida. Ta Maigatari na ci ranar Alhamis, ta Wudil Juma'a, ta Mai'aduwa Lahadi, kuma dabbobi da hatsin da ke shiga cikinsu ba kaɗan ba ne. Ana yankar rasit a kan rumfa da tireda da kan dabba da mota. 'Yan kasuwa ba sa ƙin biya idan sun ga rumfa da ruwa da makewayi. Ƙorafinsu shi ne a karɓa a bar su cikin taɓo.

Kuɗi da 'yanci

Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi na samun kashi 20.6 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Sai dai sashe na 162 na kundin ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan kuɗin ke bi. An daɗe ana kukan cewa bayan cire-cire, abin da ke isa sakatariya bai wuce na albashi ba. Ga kuma naɗa kantomomi da kwamitocin riƙo a maimakon zaɓe, alhali sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe majalisun. Inda aka yi zaɓen ma, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, kuma an saba ganin jam'iyyar gwamna ta lashe kujeru kusan duka. Ciyaman ɗin da ya san gidan gwamnati ne ya ba shi kujera, can zai riƙa kallo, ba layin mata a bakin fanfo ba.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa ta riƙo. Hukuncin ya sa jihohi da dama sun gaggauta shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya, sai dai biyan kuɗin kai-tsaye ya yi ta jan ƙafa, kuma ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta ci gaba da neman a aiwatar da shi.

A Jamhuriyar Nijar, inda garuruwa irin su Matamaye da Madarumfa ke fama da buƙatu iri ɗaya da na maƙwabtansu na tsallaken iyaka, magajin gari ne ya saba riƙe wannan mataki. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a faɗin ƙasar a 2004, sannan a watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi a madadinsu.